Donat Mai Sukari da Kirfa a Na'urar Suya da Iska: Amsoshin Tambayoyinku

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun shafi na'urar suya da iska mai zafi, wadda masu shagunan kayan wuta suke kira eya firaya, kuma donat ne abin da ya fi ba masu karatu wahala a cikinta. Ga amsoshin wasu daga cikin tambayoyin.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni amarya ce, kuma a cikin kayan kicin da aka yi mini akwai na'urar nan ta suya da iska. Na ga wani bidiyo a YouTube inda wata Ba'amurkiya ta yi donat mai sukari da kirfa cikin minti 10, amma da na gwada da kwaɓin da na saba soyawa a mai, sai ya fito fari fat, ya yi tauri, sukarin kuma ya ƙi kama jikinsa, duk ya zube a faranti. Shin na'urar ce ba ta da kyau, ko kuwa akwai inda nake kuskure? (Wata amarya daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Na'urarki lafiyarta ƙalau, abin da ya kamata ki fara fahimta shi ne, duk da sunan suya da aka laƙaba mata, aikin da take yi gashi ne. A samanta akwai ƙarfe da yake ɗaukar zafi, a bayansa kuma akwai fanka mai ƙarfi da take hura wannan zafin ya kewaye abin da ke cikin kwando. Kamfanin Philips ne ya fara baje ta a kasuwar baje kolin kayan lantarki ta birnin Balin na Jamus a shekarar 2010, kuma tun daga lokacin tsarin aikinta bai sauya ba. Idan kika jefa donat a cikin mai mai zafi, man yana rufe fatarsa nan take, ya ba shi launi da maiƙo a lokaci guda. Iska kuwa ba ta da wannan saurin, kuma tana tsotse danshin abin da take gasawa. Daga nan matsalolinki uku suka samo asali: farin da ya yi, taurin, da kuma ƙin kama sukari.

Game da bidiyon da kika gani, matan Amurka da suke gama nasu cikin minti 10 ba su kwaɓa komai ba. Suna sayen kwaɓi ne da aka riga aka haɗa a kamfani aka rufe a gwangwani, irin na Pillsbury, wanda yake ɗauke da kitse mai yawa da sinadarin kumburi, sai su huda tsakiyarsa kawai su gasa. Ba a cika samun wannan a kasuwanninmu ba, kuma a ganina ba asara muka yi ba, domin na yis da aka kwaɓa da hannu ya fi shi laushi da ƙamshi nesa ba kusa ba. Sai dai yana buƙatar kimanin awa 2 da rabi, wanda mafi yawansa jira ne.

Ki tanadi fulawa giram 500, wato kusan kofi 4 na awo, da busasshen yis giram 7, wanda ya ɗan haura cokalin shayi 2, da sukari giram 70, da gishiri cokalin shayi 1, da madara mililita 250, da ƙwai 1, da bota giram 60 wadda ta yi laushi, sai ɗan gyaɗar ƙamshi idan kina so. Madara da ƙwai da bota su ne suke maye gurbin man suya a nan, domin su ne suke riƙe laushin cikin donat, su kuma taimaka wa bayansa ya yi ja. Kwaɓin fulawa da ruwa zalla, irin wanda yake wucewa lafiya a kaskon mai, a wannan na'urar bushewa yake yi. Idan madarar gari gare ki, ki dama babban cokali 4 a ruwa kofi 1, ya wadatar.

Ki ɗumama madarar daidai ɗumin ruwan wankan jariri, wato kusan digiri 38 a ma'aunin Salshiyas. Kada ta wuce haka da yawa, domin yis abu ne mai rai, kuma yana mutuwa idan zafi ya kai wajen digiri 60. Ki zuba yis ɗin da ɗan sukari a ciki ki bar shi minti 10. Idan ya yi kumfa a sama yana da rai, idan kuma ya kwanta shiru to ya mutu, ki sake sayen wani tun kafin ki ɓata fulawarki. Daga nan ki haɗa fulawa da sauran sukarin da gishiri, ki zuba madarar da ƙwai, ki kwaɓa, sannan ki riƙa saka botar kaɗan-kaɗan kina murzawa har tsawon minti 10 zuwa 12. Da farko kwaɓin zai riƙa manne miki a hannu, kuma a nan ne mata da yawa suke ɓata aikinsu, domin sai su yi ta ƙara fulawa har ya yi ƙarfi. Ki daure ki ci gaba da murzawa, ki shafa ɗan mai a tafin hannu maimakon fulawa. Za ki ga ya sauya da kansa, ya yi santsi, ya daina kama roba, kuma idan kika ja ɗan guntu a hankali zai miƙe ya yi siriri har haske ya ratsa shi kafin ya yage. Wannan ita ce alamar ya murzu.

Ki rufe shi ya tashi har ya ninka girmansa, abin da yakan ɗauki kamar awa 1. Sannan ki shimfiɗa shi a kan tebur da abin murji ko kwalba mai tsabta, kaurinsa ya kai santimita 1 da rabi, ki yanka da bakin kofi, ki cire tsakiyar da murfin robar ruwa. Wannan adadin zai ba ki donat 14 zuwa 16. Kada ki raina hudar nan ta tsakiya. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan jihar Main ta Amurka mai suna Hanson Gregory ya yi iƙirarin cewa shi ya ƙirƙiro ta a 1847, saboda tsakiyar donat ba ya soyuwa sosai. Ko shi ne ko ba shi ba ne, dalilin nasa gaskiya ne, kuma a cikin na'urarki ya fi ƙarfi, domin ta nan iska take bi ta gasa cikin. Ki yi hudar da ɗan faɗi, saboda tana tsukewa idan kwaɓin ya sake tashi.

Wannan tashi na biyu shi ne ginshiƙin aikin, kuma ina zargin shi kika tsallake. Ki jera su a faranti, ki rufe da kyalle mai ɗan danshi, ki bar su minti 30 zuwa 40. Ki danna gefen guda ɗaya da yatsa a hankali: idan wurin ya dawo nan take, bai isa ba; idan ya dawo sannu a hankali ya bar ɗan gurbi, ya yi daidai; idan kuma ya lotsa bai dawo ba, to ya wuce lokaci, ki hanzarta gasawa.

Ki kunna na'urar ba komai a cikinta na minti 3 a digiri 175 domin ta yi zafi, ki shafa wa kwandon mai da buroshi, ki shafa wa donat ɗin madara ko narkakkiyar bota a sama, sannan ki jera 3 ko 4 kawai, da tazara a tsakaninsu. Minti 5 zuwa 7 ya ishe su, kuma ki juya su bayan minti 4. Kada ki jira su yi launin na mai, domin ba za su yi ba, kuma kowane minti da kika ƙara bayan sun yi ruwan zuma tauri yake ƙara musu. Na'urori sun bambanta wajen ƙarfi, saboda haka ki fara da guda ɗaya ki raba shi ki duba cikinsa kafin ki saka sauran. Idan littafin da kike bi na Amurka ne kuma ya ce 350, wannan a ma'aunin Faranhait ne, daidai yake da kusan 177 a namu.

Sai maganar sukari. Ki haɗa sukari giram 100 da garin kirfa cokalin shayi 2 a kwano mai faɗi tun kafin ki fara gashi, ki kuma narkar da bota giram 50 ki ajiye kusa. Da zarar kin ciro donat, tun yana turiri, ki shafe shi da botar ciki da waje, ki jefa shi cikin kwanon ki jujjuya. Soyayyen donat yana kama sukari ne saboda man da ke jikinsa, gasasshe kuwa busasshe yake fitowa, don haka dole ki ba shi maiƙon da hannunki. Idan sukarinki mai manyan ƙwayoyi ne, ki ɗan niƙa shi kaɗan a bilenda, amma kada ya zama gari, domin garin narkewa yake yi a cikin bota.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ina son ƙamshin kirfa sosai, shi ya sa na zuba babban cokali 2 a cikin kwaɓin tun farko, amma na jira har awa 3 bai tashi yadda ya kamata ba, alhali yis ɗin sabo ne. Me ya jawo haka? (Wata uwargida daga Jos)

Amsa: 'Yar'uwa, kirfar ce ta danne miki yis. Sinadarin da yake ba ta ƙamshi da ɗan yajin nan yana hana ƙananan halittu irin su yis yin aiki, kuma babban cokali 2 a fulawa rabin kilo ya yi yawa ƙwarai. Wannan ne ya sa masu gasa burodin kirfa suke shimfiɗa kwaɓin tukuna, su barbaɗa ta a sama su naɗe, maimakon su cuɗa ta a ciki. Idan lallai kina son ta a cikin kwaɓin, kada ki wuce rabin cokalin shayi, sauran kuma ki bar shi ga sukarin waje, inda harshe yake fara haɗuwa da ita.

Akwai kuma batun yanayi, tunda daga Jos kike rubutowa. Yis ya fi aiki a ɗumi tsakanin digiri 25 zuwa 30, kuma sanyin Jos, musamman lokacin hunturu, yana iya ninka lokacin tashin kwaɓi. Na'urar taki ma za ta iya taimaka miki a nan: ki kunna ta na minti 1 kacal, ki kashe, ki tabbatar ɗumi ne kawai a ciki ba zafi ba, sannan ki saka kwaɓin a ƙaramin kwano rufaffe ki mayar da kwandon. Ki kula da rufewar sosai, domin iskar hunturu tana sa saman kwaɓi ya yi ɓawo, kuma kwaɓin da ya yi ɓawo tsagewa yake yi wajen gashi.

Tambaya: Shin zan iya yin fanke a cikinta kamar yadda ake yin donat? (Wata ɗaliba daga Maraɗi)

Amsa: A'a ƙanwata. Kwaɓin fanke ruwa-ruwa ne, kuma man da ake jefa shi a ciki shi ne yake riƙe shi ya ba shi siffarsa ta ƙwallo. A cikin kwando zai baje ne, ya tsiyaye ta ramukan ƙasa ya ƙone. Idan abin da kike so shi ne ƙananan ƙwallaye masu sukari, ki gasa guntayen da kika cire daga tsakiyar donat na minti 3 zuwa 4, ki girgiza kwandon sau ɗaya, ki shafa bota ki juya su a sukari da kirfa. Fanke kuwa ki bar shi a kaskonsa.

Tambaya: Hajiya, maigidana yana da ciwon sukari, kuma na ji ana cewa kirfa tana sauke sukarin jini, sannan abin da aka gasa a wannan na'urar ba shi da illa. Zan iya yi masa wannan donat ɗin? Kuma wace kirfa ce ta fi kyau? (Wata uwargida daga Kaduna)

Amsa: Allah ya ƙara wa maigida lafiya. Ina so in gaya miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: wannan ba abincinsa ba ne. Abin da na'urar take ragewa shi ne mai, kuma ko shi ma muna mayar da wani ɓangare nasa ta hanyar botar da muke shafawa. Farar fulawa da sukarin ciki da na waje kuwa suna nan yadda suke, kuma su ne suke ɗaga sukarin jini. An yi bincike-bincike kan kirfa da ciwon sukari, sakamakon ya saɓa wa juna, kuma likitoci ba su ɗauke ta a matsayin magani ba. Ɗan barbaɗin da ke jikin donat ba zai goge aikin sukarin da aka cuɗa shi da shi ba. Idan yana marmari, ku tambayi likitansa ko zai iya cin rabin guda jefi-jefi bayan ya ci abinci, kuma kada ya rage maganinsa don yana shan kirfa.

Tambayarki ta biyu tana da muhimmanci ga duk mai yawan amfani da ita. Kirfa iri biyu ce a kasuwannin duniya. Akwai ta ƙasar Siri Lanka, wadda ɓawonta siriri ne, an nannaɗe shi ninki-ninki, launinsa ya yi haske, kuma yana farfashewa idan aka matsa shi da yatsu. Akwai kuma wadda ake kira kasiya, da ake nomawa a Sin da Indunusiya da Biyetnam, mai ɓawo guda ɗaya mai kauri da tauri, launinta ja mai duhu, kuma ita ce ta fi yawa da araha. Kasiya tana ɗauke da wani sinadari mai suna kumarin wanda yawansa yake iya taɓa hanta. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa kada abin da mutum yake ci kullum ya wuce miligiram 0.1 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa, kuma mai nauyin kilo 60 yana iya kai wa wannan iyaka da kimanin giram 2 na kasiya a rana, wanda bai cika cokalin shayi ba. Cokalin shayi 2 da aka raba wa donat 15 ba abin damuwa ba ne. Wanda ya kamata ya yi hattara shi ne mai dafa ta yana sha safe da yamma da sunan magani. Wajen ɗanɗano kuwa, kasiya ta fi ƙarfi, kuma ita ce ƙamshin da aka sani a donat na Amurka, don haka ba laifi ki yi amfani da ita. Ki fi sayen itacen ki daka da kanki ki tankaɗe, domin garin da ya daɗe a buɗe ƙamshinsa gushewa yake yi.

Tambaya: Salamu alaikum. Ƙanena ya aiko wa iyalina wannan na'urar daga Amurka. Za mu iya jona ta kai tsaye? Kuma ƙaramin janareta zai iya ɗaukarta idan an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki? (Wani magidanci daga Sakkwato)

Amsa: Malam, kada a jona ta sai ka duba rubutun da ke ƙasanta ko bayanta. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa a Nijeriya da Nijar tana tsakanin 220 da 240, kuma idan aka jona na'urar 120 a soket ɗinmu ƙonewa za ta yi nan take. Ƙaramin abin nan da ake sakawa don bakin fulogi ya shiga soket ba ya rage ƙarfin wuta. Abin da ake buƙata shi ne taransifoma mai sauke wuta, wadda ƙarfinta ya haura na na'urar, misali mai wat 2,000 ga na'ura mai wat 1,500.

Yawancin waɗannan na'urori suna jan wat 1,200 zuwa 1,800, saboda haka ƙaramin janaretan da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauke ta ba. Kuma a jona ta a soket na bango, ba a kan siririyar wayar ƙari ba, wadda take iya yin zafi ta narke. Ta fuskar kuɗin wuta ba ta da nauyi, domin mai wat 1,500 da ta yi aiki na rabin awa ba ta cin yunit 1 a mita. Idan aka ɗauke wuta alhali donat ya riga ya tashi, uwargida kada ta zauna jiran a dawo da ita, domin kwaɓin zai wuce lokaci ya yi tsami ya lotse. Ta ɗora kasko ta soya shi a mai mai matsakaicin zafi, minti 1 zuwa 2 kowane gefe, kuma a wannan halin ba sai ta shafa bota ba kafin ta juya shi a sukari.

Tambaya: Anti, ina so in yi guda 100 don walimar sunan ƙanwata. Zan iya yi tun dare in ƙulla a leda? (Wata mai karatu daga Zariya)

Amsa: Allah ya raya, amma ban ba ki shawarar haka ba. Gasasshen donat ya fi soyayye saurin bushewa, kuma daɗinsa yana cikin awannin farko ne. Idan kika ƙulla shi a leda da sukarinsa, sukarin zai jawo danshi ya narke, da safe ki tarar da shi a jiƙe yana danƙo. Firji kuma ƙara masa tauri yake yi, kamar yadda yake yi wa kowane burodi. Ki kuma yi lissafin lokaci: kwandon da yake ɗaukar 4 zai buƙaci zubi 25, wato kusan awa 3 kina tsaye, kuma waɗanda suke jiran layi za su wuce lokacin tashinsu. Don taro irin wannan, babban obin ko kaskon mai ya fi dacewa.

Idan duk da haka na'urar kike so ki yi amfani da ita, ki raba kwaɓin gida 3 ko 4, ki riƙa haɗa kowane kashi da tazarar minti 40. Ki gasa su da dare ba tare da bota ko sukari ba, ki bar su su huce sarai, sannan ki rufe su a roba mai murfi. Da safe ki mayar da su cikin na'urar a digiri 160 na minti 2, wannan karon kina iya cika kwandon tunda ɗumamawa kawai za ki yi, ki shafa bota, ki juya su a sukari da kirfa, ki jera su a tire ba tare da kin ɗora wani a kan wani ba.